Samuel Fosso

Samuel Fosso mai ɗaukar hoto ne da ya yi suna a duniya da hotunan kansa, waɗanda yake shigar wasu mutane a cikinsu. An haife shi a Kumba ta ƙasar Kamaru a 1962, iyayensa Ibo ne, ya kuma tashi a Afikpo a Najeriya. Yana ƙarami ya yi fama da shanyewar jiki, har iyayensa ba su kai shi an ɗauke shi hoton jarirai ba kamar sauran yara. Bayan yaƙin Biyafara, kawunsa ya tafi da shi Bangui, babban birnin Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya, a 1972.

A 1975, yana ɗan shekara 13, ya buɗe shagon hotonsa. Da rana yakan ɗauki masu neman hoton fasfo da na biki. In dare ya yi ya rufe shago, ragowar fim ɗin da masu hoto ba su cinye ba sai ya juya wa kansa, don ya aika wa kakarsa ta ga yana nan lafiya. Ga shi nan cikin wando mai faɗin ƙafa, da takalma masu tudu, da manyan tabarau, yana kwaikwayon mawaƙi Prince Nico Mbarga. Kusan shekara ashirin yana wannan ba da niyyar baje koli ba, kuma wannan ne ya ba hotunan farkon nan gaskiyar da ake gani a cikinsu.

Baje kolin hotuna na Bamako na 1994 ne ya fito da shi. A 1997 ya yi jerin "Tati", inda ya fito a matsayin basaraken da ya sayar wa Turawa Afirka: fatar damisa, sarƙoƙin zinare, furanni a hannu. A "African Spirits" na 2008 ya zama Nkrumah, Lumumba, Mandela, Malcolm X da Angela Davis, yana bin tsoffin hotunansu dalla-dalla, har yanayin kallo.

A rikicin Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya na 2014, yana Faris, aka wawashe gidansa na Bangui. 'Yan jarida masu ɗaukar hoto ne suka tsinci dubban fina-finan hotunansa warwatse a ƙasa, suka tattara masa su. Bayan nan ya yi "SIXSIXSIX", hotuna 666 na fuskarsa tsurarta, babu ado babu shiga. A 2023 ya karɓi kyautar hoto ta Deutsche Börse a Landan.