Gidan haya fanko a Gusau: me ke wuyan mai gida?

Jama'a, makon jiya na raka wani ƙanina daga Karakkai duba ciki da falo a Gusau. Dillali ya ce gida ne fanko, babu kaya, muka ce mun sani, ai gado da katifa namu ne. Da muka shiga, ƙofar ban-ɗaki babu, soket duk an ƙwaƙule, silin ya yi taswirar yoyo, ga bashin wutar wanda ya tashi yana jira. Kuɗin shekara kuwa a dunƙule ake so, da la'adar dillali a kai. Mai gida ya ce in ya shiga ya gyara da kansa.

Tun ranar nake tunanin yadda aka yi muka iso nan. A da, baƙo in ya shigo gari wurin mai masauki yake sauka, a ba shi ɗakin zaure ko shago, ya yi ihsani in zai tafi. Falke kuma yana da fatomansa. Haya irin ta wata-wata ta yi ƙarfi ne da zuwan jirgin ƙasa, lokacin da layin dogo daga Zariya ya ratsa Gusau ya kai Ƙauran Namoda a 1929. Cinikin gyaɗa da auduga ya jawo kamfanonin Turawa, da akawuna, da ma'aikatan reluwe, da 'yan kudu da suka zauna Sabon Gari. Abin da ɗan haya ke nema a zamanin bai taka kara ya karya ba: rufin da ba ya zuba, ƙyaure mai kwaɗo, masai, da rijiya a tsakar gida.

Sai 1 ga Oktoba 1996, Janar Sani Abacha ya cire Zamfara daga Sakkwato, Gusau ta zama babban birni. Ma'aikata suka kwararo da iyalansu, gidaje ba su isa ba, mai gida ya zama sarki. Amma buƙatar ɗan haya ma ta ƙaru, don wanda ya saba da kwatas ɗin gwamnati yana son wayarin, famfo, da ban-ɗakin da ba a haɗa shi da maƙwabta ba. Jami'ar Tarayya ta zo a 2013 da ɗalibai da malamai. Na baya-bayan nan su ne 'yan uwanmu da 'yan bindiga suka taso daga ƙauyukan Tsafe, Bunguɗu da Maru. Wanda ya gudo da yara a hannu ba ya da bakin cewa a gyara masa taga, abin da ya samu shi yake kamawa, kuma wasu masu gidaje sun gane haka sarai.

To a shari'a fa? Malaman Malikiyya sun ce ba a tilasta mai gida ya yi gyara, amma idan lalacewar tana cutar da mazauni, ɗan haya yana da zaɓin warware hayar ya fita, ba a cin kuɗin kwanakin da bai zauna ba. Wannan rabin na biyu shi ne ake mantawa da shi, tunda kuɗin shekara sun riga sun shige aljihu. Legas ta yi dokar haya a 2011 wadda ta hana karɓar fiye da kuɗin shekara ɗaya daga sabon ɗan haya. Mu a nan galibi magana ce ta baka a gaban dillali, shi kuma da ya karɓi la'adarsa sai ka neme shi ka rasa.

A ganina rabon a fili yake. Rufi, ƙofofi, tagogi, wayarin, sokawe da tsohon bashin wuta na mai gida ne. Labule, fanka, kwan fitila da kuɗin 'yan garuwa na ɗan haya ne, haka duk abin da ya ɓata da hannunsa. Su ma masu gidaje suna da kukansu, wallahi na ga gidan da ɗan haya ya tashi har da kan famfo.

Ƙanin nawa dai mun sa an rubuta gyare-gyaren a takarda, da shaidu biyu, cewa za a cire kuɗin daga haya. Mai gida ya ce shi bai taɓa ganin haka ba, ya fasa. Har yanzu muna nema wajen Tudun Wada, in akwai wanda ya san wani ya yi min magana.