Kifi da Nono: Tarihin Wani Hani a Ƙasar Daura

Ƙasar Daura ƙasar jigawa ce, ta gero da dawa da kiwon shanu, kuma babu wani babban kogi da ya ratsa ta wanda yake gudana rani da damina, shi ya sa ma tarihin kafuwar garin ya rataya a kan rijiya, wato Kusugu. Saboda haka kifi bai taɓa zama abincin yau da kullum a masarautar ba kamar yadda yake ga mutanen Argungu ko Yawuri. Abin da masunta suke samu daga tafkuna da kududdufai bayan ɗaukewar ruwa, irin su tarwaɗa da ƙarfasa da gaiwa, kaɗan ne, sai daga baya da aka gina madatsun ruwa kamar na Daberam da Sabke sana'ar su ta ɗan faɗaɗa. Mafi yawan kifin da ake ci fatake ne suke kawo shi daga gabas, daga fadamun Haɗeja da Nguru da kuma tafkin Chadi, kuma yakan iso ne a matsayin banda, wato kifin da aka kyafe a kan wuta har ya yi baƙi ya bushe, wanda uwargida za ta jiƙa a ruwan zafi, ta ɓare shi ta tsince ƙayoyi, sannan ta zuba a miyar kuka. Nono kuwa ɗan gida ne, domin da wuya hantsi ya dubi ludayi a Daura ko Zango ko Ɓaure ba a ga 'yan Fulani da ƙorai a ka ba.

A tsakanin baƙon abinci da ɗan gida ne wani tsohon hani ya zauna, wanda ya game ƙasar Hausa: ba a haɗa kifi da nono, domin a cewar manya haɗin yana kawo kuturta ko albaras, wato ciwon da yake sa fata ta yi fari dabbare-dabbare. Yaron da ya ci kifi akan hana shi shan fura sai an jima. Hanin tsoho ne, kuma ba Hausawa kaɗai suka san shi ba, domin likitan Bagadaza Ibn Masawaihi, wanda ya rasu a shekarar 857, ya gargaɗi mai tara nono da kifi a cikinsa da kuturta da albaras, kuma Ibn Ƙayyim, wanda ya rasu a 1350, ya kawo wannan gargaɗi a cikin Zadul Ma'adi. Su ma Turawa ba su tsira daga zargin kifi ba, don kuwa a 1906 wani babban likitan Ingila, Jonathan Hutchinson, ya wallafa littafi sukutum yana ɗora alhakin kuturta a kan cin kifin da bai kyafu sosai ba, alhali tun 1873 Gerhard Hansen na ƙasar Nowe ya riga ya ga ƙwayar cutar da madubin likita.

Kuturta ƙwayar cuta ce take kawo ta, kuma takan shekara biyar ko fiye a jikin mutum kafin ta bayyana. Albaras kuwa yana faruwa ne idan ƙwayoyin da suke ba fata launi suka mutu. Babu ruwan kifi, babu ruwan nono. Amma zai zama rashin adalci a ce magabata ba su ga komai ba, domin lallai akwai mutanen da da zarar sun ci kifi sai jikinsu ya yi ruɗu-ruɗu da ƙaiƙayi, leɓe ya kumbura, wani har numfashi ya sarƙe, abin da Bahaushe yake kira borin jini. Wanda ya ga haka a jikin ɗansa bayan an ci kifi an kora da fura, ba abin mamaki ba ne ya zargi haɗin.

Bayanin wannan bori ya fara fitowa ne a 1921 a birnin Breslau, wanda a lokacin yake cikin Jamus, inda likita Heinz Küstner, wanda jikinsa ba ya karɓar dafaffen kifi, ya ba abokin aikinsa Carl Prausnitz ruwan jininsa. Prausnitz ya tsira wa kansa ruwan a ƙarƙashin fata, washegari ya tsira ruwan kifi a daidai wurin, nan take wurin ya yi ja ya tasa, duk da cewa shi kifi bai taɓa damunsa ba. Wannan ya nuna cewa akwai wani abu a jinin mai borin wanda yake gane kifi, kuma sai a 1966 da 1967 masu bincike a Amurka da Suwidin suka gano shi, aka sa masa suna IgE, wato wani nau'in sinadarin garkuwar jiki wanda yake ɗaukar abin da ba shi da illa a matsayin abokin gaba. A ƙarshen shekarun 1960 kuma Kjell Aas da Said Elsayed suka ware abin da ake yi wa borin daga naman kifin kod a Nowe, dangin kifin da ake busarwa a kawo Nijeriya da sunan fanla. Wani ƙaramin furotin ne, wato sinadarin gina jiki, mai suna farbalbumin, wanda aikinsa riƙe kalsiyam a cikin tsokar kifi domin ta saki bayan ta motsa. Yana jure zafi ƙwarai, shi ya sa kyafewa da suya da tafasa ba su kawar da shi, kuma da yake na tarwaɗa da na ƙarfasa da na kod sun yi kama da juna, wanda ya yi bori da ɗaya yakan yi da sauran.

Akwai kuma wani abu da ya ƙara dagula lissafi tun da kifin ƙanƙara ya fara isowa arewa daga Legas. Kifi irin taitus, idan ya narke ya daɗe cikin zafi, ƙwayoyin cuta sukan tara sinadarin histamin a namansa, wanda shi ne ainihin abin da jiki yake saki a lokacin bori, sai mai ci ya ji fuska ta yi zafi, kai ya sara, jiki ya yi ƙuraje, ko da lafiyarsa ƙalau. Shi ma dafuwa ba ta kashe shi. Ana bambance su da cewa ruɓaɓɓen kifi yakan taɓa duk waɗanda suka ci kwano ɗaya, borin jini kuwa mutum ɗaya yake kamawa, kuma yakan maimaita duk sa'ad da ya ci.

Har yau a ƙauyukan Sandamu da Mai'aduwa akwai tsofaffin da ba za su yarda a haɗa ba, kuma hanin bai cuci kowa ba sai ta fuska ɗaya: yaron da kifi yake sa wa bori, idan aka janye masa nono aka ci gaba da ba shi kifin, an bar mai laifi an kama marar laifi.