Bayan Tiyatar Kwatangwalo: Abin da Mai Jinya da Iyalinsa Ya Kamata Su Sani

Ni ɗan kasuwar albasa ne a Mile 12, Legas. Shekara biyu ke nan da aka sa mini gaɓar ƙarfe a kwatangwalon dama, bayan na faɗo daga okada wuyan ƙashin cinyata ya karye. Wata uku na yi ina jinya wajen ɗori. Ashe karaya a wannan wuri takan yanke jinin da ke ciyar da kan ƙashin, sai ya mutu, ba ɗorin da zai raya shi. Tunda 'yan'uwa na yawan tambayata, ga abin da na koya.

Su wa ake yi wa aikin?

Galibi mutum uku ne: wanda ya karye irin tawa, tsohon da amosanin gaɓa ya cinye masa guringuntsi, da mai sikila da kan ƙashinsa ya mutu tun yana matashi. Akwai asibitocin ƙashi na tarayya a Igbobi nan Legas, da Inugu, da Dala a Kano, kuma asibitocin koyarwa ma suna yi.

Makonni 6 zuwa 12 na farko

A nan ne aikin yake gyaruwa ko ya ɓaci. Kwana ɗaya ko biyu da fitowa daga ɗakin tiyata za a tashe ka ka taka, don kwanciya na sa jini ya daskare a ƙafa. Dokokin da aka ba ni uku ne: kada gwiwa ta ɗara kwatangwalo tsawo in na zauna, kada in harɗe ƙafa, kada in murɗa jiki alhali ƙafar na kafe a ƙasa. Wanda ya karya su, gaɓar na iya gocewa. Likitanka ne zai faɗi ranar da za ka sassauta.

To, mu kuwa rayuwarmu a ƙasa take. Cin abinci a tabarma, ban-ɗakin tsuguno da gidan haya kaf ke amfani da shi, zaman tahiya. Saboda haka a shirya ɗaki kafin a sallamo mutum: gado mai tudu, kujera mai hannu, da kujerar ban-ɗaki. Salla a kan kujera na yi ta, kuma malamai sun ce babu laifi ga marar lafiya. Sanda a hannun da ke gefen ƙafa mai lafiya ake riƙe ta. Wajen hawa bene mai lafiyar ce gaba, wajen sauka marar lafiyar. Okada kam a haƙura. Kada kuma a yi wasa da zuwa gashi, ko da kuɗin mota ya yi nauyi. Wanda ya daina zuwa, ɗingishi ke zame masa jiki.

Ciwon da ke saura

Gaskiya ba kowa ciwon ke bari kwata-kwata ba. Har yau in na wuni tsaye a kasuwa, cinyata na yi mini tsami da dare. Abin da ke taimakona: tafiya kaɗan-kaɗan kullum, rage ƙiba, da barin ɗaukar buhu ga yara. Farasitamol nake sha yadda aka rubuta mini. Ku guji haɗin ƙwayoyin kemis. Diclofenac da Ibuprofen in aka daɗe a kansu suna cin ciki da ƙoda, Tramadol kuwa kama mutum yake ya kasa bari.

Alamun da ba a kwana da su

- Zazzaɓi, ko wurin ɗinki ya yi ja yana fitar da ruwa ko mugunya.
- Sha-raɓa ta kumbura tana zafi.
- Numfashi ya yi wuya ko ƙirji ya ɗaure farat ɗaya.
- Ƙafar ta gajarce ko ta juya, ka kasa takawa.

Ko ɗaya ka gani, sai asibiti a ranar. Kada a ce bari a tafi gida Arewa tukuna. Doguwar tafiya a mota ƙafa a naɗe ita kanta haɗari ce a makonnin farko.

Gaɓar ƙarfe kan kai shekara 15 zuwa 20, wani lokaci ma fiye, in an kiyaye ta. A adana takardun aikin da hotunan ƙashi, a riƙa komawa ganin likita ko babu ciwo. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, amin.