Yadda ake gano gubar aflatoksin a masara

A shekarar 2004, mutane 125 ne suka rasu a ƙasar Kenya bayan sun ci masara mai ɗauke da aflatoksin, wata guba da funfuna ke haifarwa. Gubar dai tana lalata hanta, kuma ido ba ya ganinta.

A ɗakin gwaje-gwaje, akan niƙa masarar, a jiƙa garin cikin sinadarin methanol, a tace, sannan a tsoma wani tsinken gwaji da ke nuna sakamako cikin 'yan mintoci. Na'urar HPLC ta fi bayar da ainihin adadin gubar, sai dai tana da tsada.

Inda gizo ke saƙar shi ne wajen ɗibar samfur. Gubar kan taru ne a 'yan ƙwayoyi ƙalilan, saboda haka tilas a ɗebo daga buhuna da dama.