Gwajin Yunwa na Jami'ar Minnesota, 1944–1945

A ƙarshen shekarar 1944, ana cikin Yaƙin Duniya na Biyu, wani masani mai suna Ancel Keys ya tara samari 36 a Jami'ar Minnesota ta Amurka, bisa yardarsu, don gano abin da yunwa ke yi wa ɗan Adam. Har mako 24 ana ba su kusan rabin abincin da suka saba ci, galibi dankali da kabeji da burodi, ga tafiyar mil 22 kowane mako. Suka zubar da kusan rubu'in nauyinsu.

Sai dai ramar ba ta kai wahalar zuci ba. Suka zama masu saurin fushi, ba su da zance sai na abinci, wasu har suka shiga tara littattafan girki. Da aka kama wani yana ci a ɓoye, sai aka hana kowa fita sai da abokin tafiya. Da aka sake su kuwa, da yawa suka yi ta ci ba ƙoshi.

Saboda haka mai azumin rage ƙiba ya san cewa yawan tunanin abinci aikin yunwa ne, ba raunin hali ba. Ya rage ci sannu a hankali, ya kuma nemi mai taya shi.