Yadda Dutse ta girma a kan idonmu

Ranar 27 ga Agusta, 1991, gwamnatin Janar Babangida ta cire Jigawa daga Jihar Kano, aka ce Dutse ce babban birni. Wane birni kuwa? Garu ce da fadar Sarki a tsakanin duwatsu, sai Limawa da Fagoji, gonaki da dabino kewaye da su. Ma'aikata da yawa a Kano suke kwana, su yo sammako, saboda ƙarancin gidajen haya.

Sai aka shiga awon filaye. Gonakin da muke roron gyaɗa suka koma ofisoshi da rukunin gidaje. Jami'ar Tarayya ta zo a 2011, filin jirgi a 2014. Alhamdu lillahi ciniki ya buɗe, mai ƙosai da mai ɗinki duk sun samu.

Amma fa da ake zana unguwanni, wa ya tambaye mu inda za a haƙa burtsatse, ko inda mace za ta kasa kayanta? Diyyar gona kuwa galibi hannun maza ta shiga, har da gadon da muke da rabo a ciki. Ga gari yana ta miƙawa wajen Shuwarin. 'Yan'uwa, duk mai gona a can ta nemi takardarta kafin masu awo su iso.