Faɗakarwar Tsara da Rigakafin Ƙanjamau a Jami'o'in Nijeriya Lokacin Annobar Korona: Nazarin Shekarar 2020

Tsakure

Wannan maƙala ta dubi halin da faɗakarwar tsara kan cutar ƙanjamau ta shiga a jami'o'in gwamnati na Nijeriya a shekarar 2020, lokacin da kullen korona ya haɗu da dogon yajin aikin malamai. An bi hanyar bitar rahotannin hukumomi da sakamakon binciken da aka gudanar a ƙasashe masu tasowa. Maƙalar ta nuna cewa amfanin ɗalibi mai faɗakarwa ya fi ƙarfi wajen raka ɗan'uwansa zuwa gwaji da magani, kuma wannan ɓangaren ne rufe makarantu ya fi yi wa illa. An ba da shawarar a ɗaure shirin da asibitin jami'a, a kuma tsara shi yadda zai bi ɗalibi har gida.

Muhimman kalmomi: ƙanjamau, faɗakarwar tsara, ɗaliban jami'a, korona, rigakafi

1.0 Gabatarwa

A shekarar 1986 aka fara ba da rahoton cutar ƙanjamau a Nijeriya. Zuwa 2001, gwajin da ake yi wa mata masu zuwa awon ciki ya nuna kashi 5.8 cikin 100 na ɗauke da ƙwayar HIV. Babban binciken gida-gida na NAIIS da aka gudanar a 2018, aka bayyana sakamakonsa a watan Maris na 2019, ya sauko da adadin zuwa kashi 1.4 a tsakanin masu shekara 15 zuwa 49, aka kuma ƙiyasta masu ɗauke da ƙwayar sun kai kimanin miliyan 1.9. Shiyyar Kudu maso Kudu ce kan gaba da kashi 3.1, Arewa ta Tsakiya na da kashi 2.0, Arewa maso Yamma kuwa kashi 0.6.

Wannan kashi 0.6 yakan sa wasu a Arewa su saki jiki. Sai dai binciken ya nuna wani abu da ya shafi jami'a kai tsaye: a tsakanin masu shekara 20 zuwa 24, kashi 1.3 na mata ke ɗauke da ƙwayar, maza kuwa kashi 0.4. Wato mace ta ninka namiji fiye da sau uku, a daidai shekarun da ake zaune a ajin jami'a. Ga shi kuma jami'ar tarayya mahaɗa ce. Ɗalibin Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ko Jami'ar Bayero ta Kano yana kwana ɗaki ɗaya da wanda ya fito daga Binuwai ko Akwa Ibom, don haka alƙaluman jihar da jami'a take ba su isa su bayyana halin da ɗalibanta ke ciki ba.

Tambayar da maƙalar ta sa a gaba ita ce: me faɗakarwar tsara ke iya yi a zahiri, kuma wane ɓangare nata ne ya tsaya cik da aka rufe jami'o'i?

2.0 Hanyar Bincike

An yi bitar rubuce-rubuce iri uku: rahotannin hukumomin lafiya na ƙasa da na duniya, sakamakon gwajin shirye-shiryen faɗakarwa a ƙasashe masu tasowa, da jerin matakan da gwamnati ta ɗauka daga Fabrairun 2020 zuwa Janairun 2021. An taƙaita kan jami'o'in gwamnati, domin su ne yajin aikin ya shafa.

3.0 Abin da Bincike Ya Tabbatar Game da Faɗakarwar Tsara

Faɗakarwar tsara ita ce a horar da matashi ya wayar da kan sa'o'insa. Tushenta abu ne da kowane Bahaushe ya sani: akwai maganar da yarinya ba za ta iya yi da mahaifiyarta ba saboda kunya, amma za ta yi da ƙawarta tun kafin a kashe fitila. A Nijeriya an gina shirye-shirye a kan wannan fahimta. Hukumar NYSC tare da UNICEF sun daɗe suna horar da masu yi wa ƙasa hidima domin su horar da ɗaliban sakandare, kuma a 2003 aka fito da manhajar ilimin zaman iyali da ƙanjamau ta makarantu.

Amma farin jinin shiri daban, amfaninsa daban. A 2009 Medley da abokan aikinsa sun tattara sakamakon bincike 30 daga ƙasashe masu tasowa. Sun samu cewa faɗakarwar tsara na ƙara sani, tana ƙara amfani da kwaroron roba, tana kuma rage musayar allura tsakanin masu ɗura ƙwaya a jijiya. Da aka zo kan adadin masu kamuwa da cututtukan da ake ɗauka ta hanyar jima'i, ba a ga sauyin da za a dogara da shi ba. Shirin MEMA kwa Vijana da aka gwada a garuruwa 20 na yankin Mwanza a Tanzaniya, inda malamai ke koyarwa ɗalibai na taimaka musu, shi ma haka ya ƙare. Rahotonsa na 2007 ya nuna sani ya ƙaru, abin da matasa ke faɗa game da halayensu ya gyaru, amma gwajin jini bai nuna raguwar kamuwa da HIV ba. 

Shirin Zvandiri na Zimbabuwe ya bi wata hanya. Matasa masu ɗauke da ƙwayar, waɗanda suka riƙe maganinsu da kyau, su aka horar aka haɗa da asibitoci. Suna ziyartar 'yan'uwansu a gida, suna tuna musu ranar karɓar magani, suna kai rahoto ga ma'aikatan jinya idan wani ya daina zuwa. Binciken Mavhu da abokan aikinsa da aka wallafa a 2020, kan matasa masu shekara 13 zuwa 19, ya nuna shirin ya rage mutuwa ko gazawar magani da kashi 42 cikin 100 a tsawon mako 96.

Idan aka jera waɗannan sakamako, bambancin a fili yake. Inda aikin matashi ya tsaya ga lacca da raba takardu, sani kawai ke ƙaruwa. Inda yake da asibitin da zai kai mutum, da ma'aikacin da ke jiran rahotonsa, nan ake ganin sauyi a jiki.

4.0 Shekarar 2020: Kulle da Yajin Aiki

An tabbatar da mutum na farko mai korona a Nijeriya ranar 27 ga Fabrairun 2020 a Legas. Ƙungiyar malaman jami'o'i ta ASUU ta shiga yajin aikin gargaɗi ranar 9 ga Maris, ta mayar da shi na sai-baba-ta-gani ranar 23 ga wata, ranar da umarnin rufe jami'o'i saboda annobar ya fara aiki. Daga 30 ga Maris aka kulle Legas da Ogun da Abuja. Kano ta samu mutum na farko ranar 11 ga Afrilu, aka kulle ta kwanaki kaɗan bayan haka, sannan aka hana zirga-zirga tsakanin jihohi. Ba a janye yajin aikin ba sai 23 ga Disamba, kuma sai daga 18 ga Janairun 2021 aka ba jami'o'i damar buɗewa. Kusan wata goma ke nan ɗalibai na gida.

4.1 Magani Ya Samu Mafita, Rigakafi Bai Samu Ba

A watan Mayun 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya da UNAIDS sun yi gargaɗin cewa katsewar magani na wata shida na iya jawo ƙarin mutuwar mutum fiye da 500,000 a Afirka kudu da Sahara. Gargaɗin ya yi aiki. A Nijeriya aka faɗaɗa bayar da maganin wata uku zuwa shida a zuwa ɗaya, aka riƙa kai shi unguwanni, har adadin masu shan magani ya ƙaru a shekarar. Rigakafi ne ya sha kashi. Rahoton Asusun Duniya na Yaƙi da Ƙanjamau da Tarin Fuka da Maleriya na 2021 ya nuna cewa a ƙasashen da yake tallafa wa, gwajin HIV ya ragu da kashi 22 cikin 100 a 2020 idan aka kwatanta da 2019, matasan da ayyukan rigakafi suka kai gare su kuma suka ragu da kashi 12. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Mai shan magani yana da kati da lambar waya a asibiti, ana iya nemansa. Wanda bai taɓa gwaji ba babu sunansa a littafin kowa, kuma wurin da aka saba samunsa shi ne makaranta.

4.2 Ɗalibi a Gidan Iyaye

Mu ƙaddara ɗaliba ce da ta gano tana da ƙwayar a shekararta ta biyu, ta yi rajista a asibitin garin da take karatu domin kada a gan ta a na garinsu. An rufe makaranta, ta koma gida da maganin wata ɗaya, an kuma rufe iyakar jiha. A gida ɗaki ɗaya suke da ƙannenta. Ta juye ƙwayoyin a robar maganin ciwon kai, tana jiran kowa ya yi barci kafin ta sha. Idan suka ƙare, a ƙa'ida tana iya karɓa a asibiti mafi kusa, amma mai yiwuwa ma'aikaciyar wurin maƙwabciyarsu ce. Dokar hana tsangwamar masu ƙanjamau ta 2014 ta haramta fallasa sirrin majinyaci, sai dai doka ba ta cire tsoron idon sani. A makaranta, ƙawa mai horo ce za ta kira ma'aikacin jinya ta nemo mata hanya. A gida babu wannan ƙawa.

Haka batun maganin kariya daga HIV bayan haɗarin kamuwa yake. Dole a fara shi cikin awa 72, a sha na kwana 28. A watan Yunin 2020 gwamnonin Nijeriya sun ayyana dokar ta-ɓaci kan fyaɗe saboda yadda rahotanni suka yawaita lokacin kulle. Yarinyar da abin ya faɗa wa, idan babu wanda ya san wannan wa'adi a kusa da ita, kwana ukun kan wuce ana shawarar yadda za a rufa asiri.

4.3 Yankewar Gado

Akwai asarar da ba a cika lura da ita ba. Ƙungiyar ɗalibai na rayuwa ne ta hanyar miƙa aiki: 'yan ajin ƙarshe su horar da na ƙasa kafin su tafi, sababbin shiga kuma a tare su a makon gabatarwa. Da aka dawo a 2021, an matse zangon karatu, an taƙaita taruka, kowa na tseren jarrabawa. Kafin a farfaɗo, wani yajin aikin ya zo daga 14 ga Fabrairu zuwa 14 ga Oktoban 2022. A jami'ar gwamnati, ke nan, rufewa ba baƙon abu ba ne, kuma shirin da aka gina bisa zaton ɗalibai za su kasance a harabar makaranta kullum an gina shi kan tubalin toka.

5.0 Tattaunawa

Mafitar da ta fi saurin zuwa a rai ita ce a koma WhatsApp da Facebook. Sun yi amfani wajen isar da saƙo da ƙaryata jita-jita. Amma data kuɗi ce, wuta ba kullum ba, kuma a gidaje da yawa wayar budurwa ba tata ce ita kaɗai ba, yaya ko uwa na iya buɗewa. Zauren da ke da mutum ɗari biyu ba wurin da wani zai ce yana jin tsoron sakamakonsa ba ne. Abin da ya fi dacewa da waya shi ne magana tsakanin mutum biyu, da lambar ma'aikacin asibiti da za a tura mutum gare shi.

Kayan gwajin kai, waɗanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da su a 2016, sun fi cike wannan giɓi. Mutum zai goga ɗan tsinken a dasashinsa na sama da na ƙasa, ya tsoma a ruwan da ke cikin 'yar kwalba, ya jira minti 20. Layi ɗaya na nufin ba a ga alama ba, layi biyu na nufin a je asibiti a tabbatar. Ɗalibi na iya sa shi a jaka ya tafi da shi hutu. Sai dai minti 20 ɗin nan da abin da ke biyo bayansu su ne ainihin wurin aikin mai faɗakarwa: ya bayyana cewa gwajin kan kasa gano kamuwar da ba ta kai wata uku ba, ya kuma kasance a waya idan layi biyu suka fito.

A Arewa akwai ƙofar da ta riga ta buɗe. Gwajin kafin aure ya samu karɓuwa a masallatai da majami'u, har Jihar Kano ta mayar da shi doka a 2024, ya haɗa da HIV da ciwon hanta da rukunin jini na sikila. Mai faɗakarwa da ya fara magana daga nan ba zai gamu da turjiyar da batun kwaroron roba ke jawowa ba, kuma ƙungiyoyin addini na ɗalibai za su iya shiga. Illar ita ce gwajin ranar baiko yakan zo a makare, a gaban dangi. Gara ɗalibi ya san matsayinsa tun yana aji biyu, domin wanda ya riƙe magani har ƙwayar ta daina bayyana a gwajin jini ba ya sa wa abokin zamansa ta hanyar jima'i.

6.0 Shawarwari

Asibitin kowace jami'a ya ɗauki masu faɗakarwa a matsayin wani ɓangare na aikinsa, da ma'aikaci guda mai kula da su, a biya kuɗin horo da na waya daga kason inshorar lafiyar ɗalibai ta TISHIP maimakon jiran tallafin waje, wanda dakatarwar da Amurka ta yi wa tallafinta a Janairun 2025 ta nuna ba shi da tabbas. A riƙa zaɓo su daga kowane aji da jihohi daban-daban, domin idan an watse a samu mai horo a kusa. Duk ɗalibin da ke shan magani a ba shi na wata uku da takardar canjin asibiti kafin kowane hutu, ko da zaran an ji ƙishin-ƙishin yajin aiki. Hukumar NACA mai yaƙi da ƙanjamau da Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa su ne ya kamata su sa wannan cikin sharuɗɗan tantance asibitocin jami'o'i, kuma a riƙa auna shirin da yawan ɗaliban da suka yi gwaji suka kuma isa asibiti.